Tarihin Sarkin Katsina Usman Nagogo, gwarzon ƙwallon dawaki

Marigayi Alhaji Sir Usman Nagogo, wanda ya riƙe sarautar Katsina daga shekara ta 1944 zuwa 1981, yana cikin sarakunan da suka fi tasiri a al'amuran arewacin Nijeriya a ƙarshen zamanin Turawa da farkon mulkin kai. Shi ne kuma mutumin da masu bin tarihin ƙwallon dawaki, watau polo, ke cewa babu wani ɗan Nijeriya da ya kai shi daraja a wasan.

A garuruwan yammacin Jihar Kano irin su Kabo da Gwarzo, waɗanda ke kan hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta shiga ƙasar Katsina ta Dayi, musu a kan gwanayen wasanni ba ya ƙarewa. Matasa kan tayar da jijiyar wuya a teburin mai shayi da gidajen kallon ƙwallo, wasu na bayan Kano Pillars, wasu Katsina United, wasu kuma ƙungiyoyin Ingila da Spaniya. Dattawa kuwa sun fi jin daɗin zancen dambe, da labarin irin su Shago, wanda makaɗi Ɗan Anace ya ɗaukaka sunansa a duk faɗin ƙasar Hausa.

Da wuya sunan Nagogo ya faɗo cikin irin wannan musu, domin wasan da ya shahara a kansa ya yi wa talaka nisa. Sai dai yana da abin da yawancin gwanayen da ba su da shi. An auna gwanintarsa da ma'aunin da ake amfani da shi a duk ƙasashen da ke wasan, aka kuma ba shi maki bakwai cikin goma.

Asali da tasowa

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekara ta 1905, shekaru biyu bayan da Frederick Lugard ya shiga birnin da dakarun Birtaniya ta Ƙofar 'Yanɗaka. A lokacin mahaifinsa, Muhammadu Dikko, yana riƙe da sarautar Durɓin Katsina.

Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo gidan Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje, ke sarautar Katsina. Zuwan Turawa ya sauya wannan tsari. Cikin 'yan shekaru suka tuɓe sarakuna biyu daga gidan, watau Abubakar da Yero, sannan a ƙarshen 1906 suka ɗora Muhammadu Dikko, wanda ya fito daga gidan Sulluɓawa. Tun daga wannan lokaci sarautar ba ta sake fita daga zuriyarsa ba.

Saboda haka Nagogo ya buɗe ido ne a fadar da ke neman kafa kanta. Mahaifinsa na fuskantar waɗanda ke ganin Turawa ne suka ba shi gadon da ba na gidansu ba, shi kuma ya zaɓi ya amsa musu da aiki: tsara haraji da baitulmali, gina hanyoyi, da karɓar ilimin zamani. A zamaninsa ne aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, wadda kuma daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya.

Kamar sauran 'ya'yan sarauta, Nagogo ya fara da karatun allo da na littattafan addini, kafin a sa shi makarantar lardi ta Katsina a farkon shekarun 1920. Ya tashi yana jin Turanci, abin da ya yi masa amfani ƙwarai a rayuwarsa ta gaba.

Akwai kuma wata makarantar da ba ta da allo ko alli, watau barga. A fadar Hausa doki shi ne abin hawa, shi ne makamin yaƙi a da, shi ne kuma ado ranar Sallah. Yaron gidan sarki kan san sirdi da linzami da likkafa tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ya kuma koyi bambanta ingarma mai zafin kai da mai ladabi daga bakin Shamaki da 'yan barga. Sarki Dikko kansa mutum ne mai tsananin son dawaki da sukuwa.

Tafiya Ingila da zuwan wasan Katsina

A shekara ta 1921 Sarki Dikko ya yi abin da wani sarki mai ci a arewacin Nijeriya bai taɓa yi ba. Ya tafi aikin Hajji, ya kuma ziyarci Ingila a tafiyar, inda Sarki George na Biyar ya karɓe shi. Nagogo, wanda ke da kimanin shekaru 16, yana cikin ayarin.

Masu tarihin wasan a Nijeriya na danganta kafuwar polo a Katsina da wannan tafiya. A cewarsu, Sarkin ya ga yadda ake wasan a Ingila, ya burge shi, da ya dawo gida ya sa aka share fili, ya kuma sa 'ya'yansa da yaran fada suka shiga koyo.

Wasan dai tsoho ne ainun. An san shi a Farisa da tsakiyar nahiyar Asiya tun ƙarnoni masu yawa, Turawan Birtaniya kuma sun same shi a wurin mutanen Manipur da ke arewa maso gabashin Indiya a tsakiyar ƙarni na 19. An kafa kulob na Calcutta a 1862, sannan kulob na Hurlingham da ke Landan ya tsara dokokin wasan a 1875. Daga nan hafsoshin soja suka bi da shi duk inda tutar Birtaniya ta sauka.

A Nijeriya an kafa kulob na Legas a 1904, wasan ya kuma bazu zuwa barikokin arewa, inda dawaki ke da yawa da araha. A farkon al'amari Turawa ne kaɗai ke riƙe sanda. Aikin ɗan ƙasa shi ne ya yanko ciyawa, ya ɗaura sirdi, ya tsaya a gefen fili yana riƙe da ragama.

Shigar gidan Dikko ita ce ta karya wannan shinge.

Yadda ake wasan

Kowace ƙungiya tana da mahaya huɗu, masu lamba ɗaya zuwa huɗu. Na ɗaya shi ne mai kai hari, na biyu yana taimaka masa yana kuma matsa wa abokan karawa, na uku shi ne ke tsara wasa, galibi kuma shi ne gwanin ƙungiya, na huɗu yana tsaron baya.

Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, watau ya ninka filin ƙwallon ƙafa sau da yawa. Tsakanin turakun raga akwai yadi takwas. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango minti bakwai, wanda 'yan wasa ke kira cuka. Duk lokacin da aka ci ƙwallo sai ƙungiyoyin su yi musayar gefe, domin kada wata ta ci moriyar iska ko hasken rana ita kaɗai.

Da hannun dama kawai ake riƙe sanda. Babbar doka kuma ita ce ta layin ƙwallo: wanda ya bi hanyar da ƙwallo ta ɗauka shi ke da haƙƙin hanya, ba a yarda wani ya gitta gabansa ba. An yi dokar ne domin kare rai, saboda karon dawaki biyu a guje kan kai ga karaya ko mutuwa.

Doki ba ya iya jure wasa daga farko har ƙarshe, don haka mahayi kan sauya doki tsakanin zango da zango. Ke nan wanda zai yi wasan da gaske yana bukatar dawaki da dama, da masu kula da su, da harawa da dawa da dusa da kanwa duk shekara. Wannan ne ya sa tun asali wasan ya zama na sarakuna da hafsoshi da attajirai.

Ma'anar maki bakwai

A polo kowane ɗan wasa yana da makin gwaninta da hukumar wasan ke ba shi, daga biyu ƙasa da sifiri har zuwa goma. Makin ba adadin ƙwallayen da mutum ke ci a wasa ba ne. Kwamiti ne ke zama ya duba iya hawansa, da ƙarfin bugunsa da daidaitonsa, da fahimtarsa ga wasa, da yadda yake haɗa kai da abokansa, har da ingancin dawakinsa.

Ana tara makin mahaya huɗu a sami makin ƙungiya, a gasa da yawa kuma ƙungiyar da makinta ya gaza akan ba ta rarar ƙwallaye tun kafin a fara, domin a daidaita ƙarfi.

Mafi yawan masu wasan a duniya ba sa wuce maki biyu har su daina hawa. Wanda ya kai biyar ana lissafa shi cikin ƙwararru. Masu maki goma kuwa 'yan ƙalilan ne a kowane zamani, galibinsu kuma 'yan Ajantina, ƙasar da ta ci lambar zinare a wasan a gasar Olamfik ta 1924 da ta 1936, kafin a cire shi daga jerin wasannin gasar.

A kan wannan ma'auni ne Usman Nagogo ya kai maki bakwai, matsayin da ake lissafawa a matsayin mafi girma da ɗan Nijeriya ya taɓa takawa.

Ƙungiyar Katsina, wadda 'ya'yan Sarki Dikko da mutanen fadarsa suka haɗa, ta riƙa karawa da ƙungiyoyin hafsoshin Birtaniya tana kuma doke su. Ta ɗauki Kofin Georgian, wanda ake gasarsa a Kaduna tun 1919, wanda kuma shi ne kofi mafi daraja a wasan a Nijeriya, ba sau ɗaya ba.

Wannan nasara tana da nauyi idan aka tuna da zamanin. Lokaci ne da ko babban basarake ke cire takalmi ya gai da Razdan, lokacin da unguwar Turawa daban take da ta 'yan ƙasa. Filin polo yana cikin 'yan wuraren da Bahaushe ko Bafulatani zai haɗa kafaɗa da Baturen soja, ya ture shi daga kan ƙwallo a bainar jama'a, doka kuma ta ba shi gaskiya.

Dawakin da aka yi wannan aiki da su na gida ne, irin waɗanda ake samu a ƙasar Hausa da Barno da Azbin. Ba su kai dawakin Ajantina da aka riƙa shigowa da su daga baya girma da gudu ba, amma suna da juriya ga zafi da ƙasa mai tauri, suna kuma da saurin juyawa.

Har yanzu masu sha'awar wasan kan yi gardama a kan wannan maki. Wasu na cewa hukumar kowace ƙasa ce ke auna 'yan wasanta, saboda haka bakwai ɗin Nijeriya ta wancan zamani ba lallai ta yi daidai da bakwai ɗin Ajantina ta yau ba. Wasu kuma na amsawa da cewa a zamanin da ya yi tashe Turawa ne ke riƙe da ragamar wasan a ƙasar, kuma ba su da dalilin da zai sa su fifita ɗan ƙasa a kan hafsoshinsu in ba don ya fi su ba.

Daga Wakilin Doka zuwa gadon sarauta

Wasa bai hana Nagogo aikin hukuma ba. A 1929 aka ɗora shi a kan 'yan dokar En'e ta Katsina, watau rundunar 'yan sandan gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. A wancan lokaci Turawa na ƙoƙarin mayar da aikin dogarai ya zama na runduna mai kaki da horo da albashi, sun kuma fi son a ba 'ya'yan sarakuna shugabancinta domin jama'a su ga girmanta.

A 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, hakimin birnin Katsina da kewaye. Wannan muƙami ya kusantar da shi ga mahaifinsa, ya kuma ba shi damar sanin harkar haraji da shari'a da tsabtar gari da kasuwa.

Sarki Dikko ya rasu a farkon 1944, bayan ya shafe fiye da shekaru 37 a kan gado. A ranar 19 ga watan Mayu na wannan shekara Gwamna Arthur Richards ya ba Usman Nagogo sandar mulki, ya zama sarki na biyu daga gidan Sulluɓawa.

Ya hau gado ne Yaƙin Duniya na Biyu na ci. Dubban matasa daga arewacin Nijeriya na fagen fama a Burma, wadda tsofaffin sojoji ke kira Bama, a yau kuma ake kira Myanmar, suna yaƙi da dakarun Japan a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wasu bataliyoyin Nijeriya ma na cikin dakarun Chindit, waɗanda ake saukewa a bayan layin abokan gaba cikin daji. Hausa ce harshen da sojojin suka fi magana da shi a tsakaninsu.

Ba da jimawa da naɗinsa ba sabon Sarkin ya yi tattaki zuwa Indiya da Burma, ya gana da waɗannan sojoji. Ga matashin da ya bar ƙauyensu shekaru, yana fama da ruwan sama da zazzaɓi a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, ganin sarki daga gida da rawani da alkyabba ba ƙaramin abu ba ne. Ga Turawa kuma ziyarar hanya ce ta ƙarfafa gwiwar dakarun da suke matuƙar bukata.

Cikin siyasar ƙasa

Bayan yaƙi aka shiga sauye-sauyen tsarin mulki. A ƙarƙashin tsarin Richards, wanda ya fara aiki a 1947, an kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, Nagogo kuma na cikin sarakunan arewa da aka tura Majalisar Dokoki ta ƙasa baki ɗaya, inda a karon farko wakilan arewa da na kudu suka zauna a zaure ɗaya.

Babban matsayin da tarihi ya fi riƙe masa shi ne na taron Ibadan a watan Janairun 1950. A wurin taron wakilan arewa suka nemi a ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, bisa hujjar yawan jama'a. Sarkin Zazzau ya yi gargaɗin cewa idan ba a amince ba arewa za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar, a koma yadda ake kafin haɗewar 1914, Sarkin Katsina kuma ya mara masa baya.

Bukatar ta biya. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba arewa kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓun wakilai, gabas da yamma suka sami 34 kowannensu. Wannan rabo ya yi tasiri a siyasar Nijeriya har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko, masana kuma na ci gaba da saɓani a kansa. Wasu na ganin shi ne ya riƙe arewa cikin Nijeriya, wasu na ganin shi ne ya shuka tsoron danniya a zukatan 'yan kudu.

A 1952 Nagogo ya zama ɗaya daga cikin ministoci huɗu da arewa ta tura Majalisar Ministoci a Legas, a matsayin minista maras ma'aikata. Sauran su ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Muhammadu Ribaɗu, da Shettima Kashim Ibrahim. Shekara guda bayan haka ƙasar ta shiga rikici, lokacin da Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan arewa suka ƙi a tsayar da rana, lamarin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayun 1953.

Ya kuma halarci taron tsarin mulki na Landan a 1957 cikin wakilan sarakunan arewa. Yankin ya sami mulkin kai a 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960. A 1962 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sir.

Katsina ta samar da manyan 'yan siyasa a wannan zamani, cikinsu har da Isa Kaita, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta arewa, da Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a gwamnatin tarayya.

Sai dai ba kowa ne ke yaba wa tsarin da Nagogo ke cikin ginshiƙansa ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, wadda kuma Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta gina gwagwarmayarta a kan sukar mulkin En'e. Magoya bayanta a lardunan arewa sun sha kokawa da cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen musguna musu, da cewa talaka ne ke ɗauke da nauyin haraji da jangali yayin da fada ke more rayuwa. A idon mai irin wannan ra'ayi, bargar da ke cike da dawakin wasa alama ce ta rashin daidaiton da yake yaƙi da shi.

Dangantaka tsakanin sarakuna da gwamnatin Sardauna ma ba kullum take lafiya ba. A 1963 aka tilasta wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda Gwarzo da Kabo ke ƙarƙashin masarautarsa, ya yi murabus, aka kai shi Azare. Nagogo ya ratsa wannan zamani rawaninsa na kansa.

Zamanin soja

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, ya jefa gidan Nagogo cikin wani hali da ba a taɓa gani ba. Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa ɗansa, Hassan Usman Katsina, hafsan soja da ya sami horo a Sandhurst, gwamnan soja na Jihar Arewa. Ke nan a tsarin hukuma uba ya koma ƙarƙashin ɗansa.

Hassan ya riƙe muƙamin har zuwa watan Mayun 1967, lokacin da Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedkwata a Kaduna. Daga 1968 zuwa 1971 Hassan ya zama babban hafsan sojan ƙasa, a tsakiyar yaƙin basasa da bayansa.

A wannan zamani ne ikon sarakuna ya soma zaizayewa. Gwamnatocin soja sun karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Rundunar da Nagogo ya shugabanta yana saurayi ta shuɗe yana kan gado. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ikon filaye a hannun gwamnoni.

Abin da ya rage wa sarauta shi ne kwarjini da girman da jama'a ke ba ta, abin da ake gani ranar hawan Sallah da hawan Bariki. A nan ma doki ne a gaba.

Nagogo bai rabu da wasansa ba duk tsawon waɗannan shekaru. An ba shi shugabancin Ƙungiyar Polo ta Nijeriya na tsawon rai, fadarsa kuma ta ci gaba da zama makarantar mahaya.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sarki Usman Nagogo ya rasu ranar 18 ga watan Maris na 1981, yana da kimanin shekaru 76, bayan kusan shekaru 37 a kan gado. A lokacin Alhaji Shehu Shagari ne shugaban ƙasa, Katsina kuma na cikin Jihar Kaduna. Sai a watan Satumban 1987 ta zama jiha mai cin gashin kanta.

Ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, ya yi sarauta har zuwa rasuwarsa a watan Maris na 2008, sannan jikansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Dukansu biyu mahaya ne da suka yi wasan. Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya rasu a 1995, shi ma ya shahara a wasan, ya kuma daɗe yana jagorantar ƙungiyarsa ta ƙasa.

Filin polo na birnin Katsina yana ɗauke da sunan Nagogo, akwai kuma kofi mai sunan Sarkin Katsina da ake gasarsa a arewa. Wasan ya kafu a Legas da Ibadan da Fatakwal da Kaduna da Kano da Zariya da Jos da wasu biranen, inda ake gasa shekara-shekara.

Amma wasan ya sauya kama. Dawakin Ajantina sun mamaye manyan gasa, attajirai kan ɗauko ƙwararrun 'yan wasa daga ƙasashen waje su ƙarfafa ƙungiyoyinsu, kuɗin riƙe barga kuma ya ƙara nisa da mai ƙaramin ƙarfi. Duk da wannan kuɗi da kayan aiki, ba a sami ɗan ƙasa da ya kamo makin da Nagogo ya samu a kan dawakin gida ba.

Masu lura da al'amuran wasanni na danganta haka da yadda ake renon mahayi. Gwanin polo ba ya samuwa sai an fara da shi tun yana yaro, yana hawa kullum, yana kuma karawa da waɗanda suka fi shi. Fadar Dikko ta samar wa 'ya'yanta duka ukun a wuri ɗaya.

Son doki dai bai gushe ba a ƙasar Hausa. A Gwarzo da Kabo da sauran garuruwan hakimai, matasa na kiwon dawaki, suna hawan Sallah da hawan angwanci da kilisa, wasunsu kuma na da gwanintar da za ta kai su nesa da za su sami fili da sanda da mai koyarwa. Ko hukumomin wasanni da masu riƙe da kulob-kulob za su buɗe musu ƙofa, wannan ita ce tambayar da ke gaban wasan a Nijeriya.